Baffa Belgasim, Mai Riƙon Igiya

Shekara talatin da huɗu, kullum kafin jirgin masu ciro soso daga ƙasan teku ya bar gaɓar garin Jarjis, Baffa Belgasim zai zauna ya bi igiya da tiyon iska da yatsunsa, taƙi bayan taƙi, ko gaisuwa ba ya amsawa. Bai taɓa sa kwalkwalin tagulla ya nutsa ba. Aikinsa riƙe igiyar wanda ya nutsa, kuma bana ya ajiye.

Mu nan mun san ciwon ƙasan teku. Wanda ya daɗe a can aka fizgo shi da sauri, jininsa kan yi kumfa, ƙafafu su mutu. Guragunmu shaida ne.

Ranar da ba ma mantawa, wani mai nutso, Munji, na ƙasa gaba ashirin da biyar, dutse ya yaga masa rigar nutso. Igiya ta motsa sau huɗu, wato a fito da shi. Belgasim ya yi ta ja, saura gaba biyar ya tsaya cak.

Tijani, wan Munji, ya saki famfon iska ya yo kansa. "Baffa, ja mana! Ruwa na shigar masa!"

"Koma kan famfo. Iskar nan ce ta tare ruwan a wuyansa."

"Kashe shi za ka yi, tsohon banza?"

"In na ja yanzu, kai za ka riƙa goya shi zuwa banɗaki."

Igiya na ta fizga har ta yanka masa tafi. Can fizgar ta ragu, ta daina. Hankalin kowa ya tashi, mai jirgi da kansa ya ce a ja. Belgasim na kallon kumfar numfashi da ke tasowa, ya ce, "Da saura."

Sai bayan rabin sa'a ya ja. Ana cire kwalkwali, Munji ya miƙe yana karkarwa, ya tako gaban Belgasim ya zage shi tas. Belgasim ƙafafun kawai yake kallo, sai ga hawaye.

Baffa, kai ne ka yarda a tsane ka rabin sa'a don ɗan wani ya tsira da ƙafafunsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku karɓi igiya bayansa, ku koyi tsayawa lokacin da kowa ke ihun a ja.

Munji dai har yau bai ba shi haƙuri ba. Amma duk Juma'a yakan tako tun daga ƙarshen gari, a ƙafa, ya kai masa kifi.