Ɗakin da Aka Hana Mu Rufawa

Ni ba mai riƙe abu a rai ba ne, aikin gini ya riga ya cinye mini ƙarfi da tunani. Amma akwai ɗakin wata tsohuwa a ƙauyenmu, can bayan Roni, wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga idona ba.

Magini ne ni a sashen gyare-gyare na wata jami'a. Boko a firamare na tsaya, ita ma ban ƙarasa ba. Wata shekara aka fito da tsari, wai duk ma'aikacin da ke son yi wa jama'a aikin sa-kai za a ba shi 'yan kwanaki, albashinsa kuma yana tafiya. Malamai suka tafi koyar da yara, ma'aikatan asibiti suka tafi duba marasa lafiya. Ni ba abin da na iya sai cokalin gini. Na ja wani kafinta abokin aikina, muka roƙi katako da kwanon da aka cire daga wani tsohon ofis, aka ba mu, muka loda a a-kori-kura sai gida. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Tun kafin in taso na san inda za ni. Inna muke ce mata. Ba ita ta haife ni ba, uwar abokina ce na ƙuruciya, amma na ci tuwonta ya fi a ƙirga. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, yana can kudu yana sayar da shayi, ita kuma tana kwana a wani tsohon soro. Da na shiga na ɗaga kai sai na ga ɓarna. Gara ta cinye azara, in ka danna yatsa sai ya shige. Rufin ya yi ciki ya sauko.

Na ce, "Inna, a nan kike kwana?"

Ta ce, "A'a, a gidan gwamna nake kwana, nan shan iska nake zuwa."

Kafinta ya ce, "Wallahi Inna, ɗakin nan ko akuya ta yi tari zai zauna."

"To ka hana akuyarka tari," in ji ta, tana dariya da bakinta da ba haƙori.

Har mun kwaɓa ƙasa za mu ɗaga bango, sai mai unguwa ya ce gida da mai shi, a sanar da ɗanta tukuna. Gaskiya ya faɗa. Na kira ɗan nata a waya, a zatona murna zai yi.

"Kai! Ina raye za a yi wa uwata rufin sadaka? Da kwanon da aka yar? Gobe in shiga masallaci a ce ga wanda jami'a ta rufa wa uwa ɗaki?"

Na ce, "Ni ne fa. Tsakanina da kai akwai sadaka?"

"Biyanka ake yi, duk gari ya ga motarku. Ka bar mini ɗakin uwata. Da na sami sarari zan zo da sabon kwano."

"Ruwa zai jira sararinka ne?"

Ya kashe waya.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wa kafinta mu hau mu sauke rufin, in ya zo ya kai ni ƙara wurin hakimi. Ina taka tsani sai na ji an riƙe shi daga ƙasa. Inna ce.

Ta ce, "Sauko, ɗan nan. Na ji abin da ya ce. Yaron nan tun da ya tafi bai taɓa samun yi mini abin da mutane za su gani ba. Wannan ne kaɗai ya rage masa. Kada ka ƙwace."

"Inna, zai faɗo miki."

"Wanda ya riƙe shi bara, shi zai riƙe shi bana."

Babu irin roƙon da ban yi ba. Na ce to in damina ta yi ƙarfi ta koma ɗakin maƙwabta, ta ce shi ma abin magana ne. Abu ɗaya ta yarda da shi, tokara daga ciki, inda ido ba ya gani. Muka kafa gwafa muka tallafi azarar, ni da kafinta duk mun san yaudarar kai ce. Kwanon kuwa muka rufa wani ajin firamare da iska ta yaye. Aka ɗauki hoto, aka yaba mana a wurin aiki. Hutu ya ƙare.

Cikin marka aka jera kwanaki ana ruwa ba sassauci. Ina bakin aiki da hantsi aka kira ni. Soron ya zauna, Inna na ciki tana lazimi. Kafin a tono ta rai ya yi halinsa.

Na tafi gaisuwa da magana cike da bakina, na yi niyyar in gaya wa ɗan nata abin da bai taɓa ji ba. Ina isa ƙofar gida sai na ga bandir na sabon kwano jingine da katanga, ko ɗaurinsa ba a kwance ba. Ashe da gaske ya saya, har ya aiko da shi a mota, yana haɗa kuɗin kafinta kafin ya taso. Na same shi kan tabarma, ya rame, idonsa ya yi ja. Ya kama hannuna ya ce, "Ka gan shi can? Mai kauri na saya mata."

Maganar da na zo da ita duk ta mutu. Na ce, "Allah ya ji ƙanta," na zauna kusa da shi.

Daga ranar na gane iya aiki da samun lokaci ba su isa taimako ba. Talaka yana da mutunci, wani lokaci shi kaɗai ya mallaka, kuma zai iya kwana ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara don kada a taɓa shi. Har yanzu ina karɓar hutun duk shekara, amma ba na shiga gari da mota. Kafin in jingina tsani a gidan kowa, sai na nemi wanda kunyar za ta kama, in sa aikin a hannunsa, a ce shi ya ɗauko ni. Suna ya tafi wurinsa. Ni dai rufi ya tsaya.