Sabar da na sayo a gwanjo ta san lokacin la'asar

Jiya da la'asar ina ni kaɗai a shagona na gyaran kwamfuta a Kazaure, sai na ji muryar namiji daga lasifika: "Samari, a rufe shago, lokacin salla ya yi."

Wallahi zumbur na miƙe, na duba ko'ina. Babu kowa sai ni da sabar da na sayo a gwanjo, irin babbar kwamfutar nan ta ofisoshi.

Kwaɗayin araha ne ya kai ni. An ce furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, ta fi ta laftof ɗina ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ne, komai yawan aikin da ka jibga mata ba ta gajiya. Sai dai tana ƙugi kamar injin markaɗe, tana shan batirin sola kamar ruwa. Laftof kuwa 'yar wuta kaɗan ta ishe ta, kana rufe ta ta yi barci.

Na kira Malam Habu da ya sayar min.

"Malam, na'urar nan ta wace ce a da?"

"Ta wani mai shagon intanet ce a Babura. Ya rasu bara, magada suka sayar. Shi ya ɗora mata muryarsa saboda yaran shagonsa. Ita saba ba ta barci. Abin da aka sa ta, shi za ta yi ta yi."

Na rufe shago na tafi masallaci, na yi masa addu'a.

Yau na zauna zan goge komai, hannuna ya ƙi. Jama'a, da ku ne, za ku goge muryar mamacin da ke tura ku salla?