Kunne, Laifin Ba Na Hannunka Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, Allah ya karɓi ran maƙwabcina a layin masu gyara, wanda kowa ke kira Kunne, don da sauraron kukan inji yake gane ciwonsa.

Kunne, ni mai walda ne, ban iya daɗin baki ba. Na dai san ba ka taɓa raina ƙaramin aiki ba. Tsohuwa ta kawo fankar da ta girme ni, ka tashi ka ba ta kujerarka. Lokacin da wuta ta ci min hannu, kai ka riƙe min shago har na warke.

Amma ba zan rufe bakina a kan kafintan nan na bakin kwana ba. Shi ya kawo maka tsohon injinsa na huda katako, haɗe da sabon maɗanni, abin da ake matsawa da yatsa inji ya ƙara gudu ko ya sassauta. Ka saka, inji ya ƙi sassautawa: ko ya yi shiru, ko ya zabura da ƙarfinsa duka har ya tsaga katako. Ka juya wayoyi, ka canza burushin cikin injin, ka auna kwayil, wato naɗin wayarsa, da mitar gwajin wuta, komai lafiya lau. Sai ka tambaye shi ko maɗannin na gaske ne. Ya ce, "Wallahi tallahi na kamfani ne, a kwalinsa na saye shi." Shi ke nan. A wurinka wanda ya ce wallahi ya gama magana. Maɗannin kuma a manne yake, ba ya buɗuwa sai an fasa, kai kuwa ba ka fasa kayan mutane.

Marar kunyar nan sai ya bi layi yana cewa ka tsufa, hannunka na rawa, ka kashe masa inji. Masu kawo aiki suka fara wuce ƙofarka. Rannan ka ce min, "Maƙwabci, ina jin hannun nan ya gama aiki." Injin na kan bencinka a kwance ciwo ya kwantar da kai.

A zaman makoki kafintan ne ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a, yana ta goge busasshen ido. Da aka watse na shiga shagonka, na sa guduma na fasa maɗannin. Fanko ne, Kunne. Ƙarfe biyu ne kawai na kunnawa da kashewa, abin rage gudun ko sa shi ba a yi ba. Na kai masa a tafin hannuna gaban jama'a. Ya sosa ƙeya, wai a tasha wani ya sayar masa, ya ga da araha. Ko kunya bai ji ba, kamar takalmin wani ya taka.

Yanzu layi duk ya sani, kowa na cewa dama bai yarda da zancen kafinta ba. Ƙarya suke yi, na ga inda suka riƙa kai aikinsu. Kai kaɗai labarin bai iske ba, ka tafi kana zargin hannunka, kuma wannan ne ke ci min rai.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri. Ku ɗaga kanku, mahaifinku bai ɓata aikin kowa ba.