Jirgin yaƙin maigidana

Maigidana injiniyan jiragen sama ne a takarda. A zahiri kuwa, tun da muka zo Saudiyya famfunan matatar mai yake kula da su a Yanbu, ya dawo mana Madina ranar Alhamis yana warin gas. Ni kuma ina kantin magani kusa da Harami, ina sayar wa alhazai maganin tari da man shafa wa ƙafa.

Wata shekara ya ce zai zana jirgin yaƙi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma ƙasar da ke jira. Ya ƙwace teburin cin abinci ya shimfiɗa takardunsa, muka koma ci a ƙasa, ya ce ai haka ma ya fi kusa da sunna. Jirgin ba shi da jela, fikafikansa gaba suke kallo kamar mai miƙa hannu zai karɓi jariri. A cewarsa zai fi sauti gudu, kuma na'urar hango jirage ba za ta gan shi ba.

"To wa za ka yaƙa?" na tambaye shi.

"Hajiya, ba maganar yaƙi ba ce. Maganar iska ce."

Mutumin da ko kyankyaso ya gani a bayi, ni yake ƙwala wa kira.

Bayan watanni ya sassaƙa ƙaraminsa na gwaji da farin soson da aka naɗo mana firji da shi, ya shafe shi da baƙin fenti. Bai sa masa inji ba, don mai inji sai da izinin hukuma, shi kuwa ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma.

Wata Juma'a bayan la'asar muka fita ƙarshen unguwarmu ta Harra, inda gidaje suka ƙare sai baƙaƙen duwatsu iya ganinka. 'Yarmu budurwa, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, ita ya ba wayar ta ɗauki bidiyo. Ya hau wani dutse, ya yi bismilla, ya wurga.

Na riga na tanadi kalaman ba da haƙuri tun daga gida. Sai ga abu ya tashi. Ya miƙe sambal, shiru, ba ko tangaɗi, iska ta ƙara ɗaga shi sama. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da rabona da guɗa tun bikin ƙanwata.

"Tar, ya Baba, wallah tar!" 'yarmu take ihu, wato ya tashi.

Can nesa ya sauka a bayan duwatsu. Baƙin jirgi, baƙaƙen duwatsu. Muka yi ta nema har aka kira magariba, ko fiffike ba mu gani ba. Muka duba bidiyon ko za mu gane inda ya faɗa, ashe yarinya fuskar babanta ta ɗauka, sai ni baki buɗe ina guɗa. Dutse ya tsinke masa takalmi ya yanke shi a yatsa, na ɗaure masa a cikin mota.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Kin ga bai karkata ba?"

"Na gani, Injiniya."

"Na biyun dole a nemi izini a sa masa inji." Ya waigo ya dube ni. "Wannan injin markaɗen naki, yana da ƙarfi kuwa?"

Washegari da safe na naɗe injin a mayafi na kai wa maƙwabciyata, wata Bahaushiyar Sudan, na ce ta ajiye mini. Har yau can nake zuwa markaɗa tattasai, mu sha shayi, ta tambaye ni yaya sojan sama.