Tozalin Inna da hoton ƙwaƙwalwa

Muna sallame sallar asuba muka bar Bungudu, ni da yayana da Inna, mahaifiyarmu. Wata huɗu ke nan hannunta na dama yana rawa in ta zauna shiru. Ni na fara lura, don tozalin da take sa wa idonta kowace safiya ya soma karkacewa. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce tsufa. Tsorona ɗaya: haka yayanta ya fara, ba a taɓa kai shi asibiti ba har ya kwanta. Likita a Gusau ya ce a kai ta Zariya a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Inna kuwa hoto kawai ta ji. Ta fito da leshinta na biki, da 'yan kunne, da awarwaro, ido ya sha tozali. Yayana ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

A Gusau muka jira gari ya waye sosai, don direbobi ba sa son hanyar Funtuwa da duhu-duhu. Gero ya fitar da kai hagu da dama, ramuka kuma sun ƙoshi da ruwan damina. A Tsafe muka sha koko da ƙosai mai zafi. Na ga Inna ta ɓoye hannun cikin mayafi tana ci da hagu, ita da ke dukanmu a kan haka. 

Da azahar muka isa asibitin Zariya. Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta ce a cire duk wani ƙarfe, injin maganaɗisu ne. Aka tuɓe awarwaro da 'yan kunne. Sai ta ce tozalin ma a wanke, yana ɓata hoton.

"Yo ba hoto anka ce ba?" in ji Inna. "Wane irin hoto na wanga, da ba a son mutum da kyau?"

Muka yi dariya har da ma'aikaciyar. Inna ta wanke, ta shiga, injin ya yi ta ƙara kamar na niƙa.

Washegari likitan ƙwaƙwalwa ya sa ta tafiya, ya juya wuyan hannunta, sannan ya nuna mana hoton. Babu ƙari, babu alamar shanyewar jiki. Can tsakiya akwai ɗan wuri da ya dushe. Da wannan da gwajinsa, ya ce cutar Parkinson ce, mai sa rawar jiki, amma farkonta. Ba ta warkewa, sai dai magani da motsa jiki suna riƙe mutum shekaru. "Kun zo da wuri," ya ce. Wallahi kuka na yi, na godiya.

Mun shigo Bungudu da la'asar, da magani a jaka da masara gasasshiya daga Tsafe. Abin da tafiyar ta koya mini: ƙaramin sauyi a jikin tsoho ba abin kau da kai ba ne. Allah ya saka wa ma'aikatan nan da alheri.

Da safe Inna ta ɗauko tozalinta. Na miƙa hannu zan sa mata, ta ture ni.

"Likita ya ce in yi ta aiki da hannun."

Ta ja layin a hankali, ta juyo. "Ya karkace?"

Ya karkace kaɗan. Na ce mata ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba.