La'asar a Bakin Teku

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar tabarma, kakata ce ke faɗo mini a rai.

A Gwange na tashi. Maƙwabciyarmu 'yar kudu ce mai shagon atamfa a kasuwa, ita da kaka kuwa ba a jin kansu. Da za ta aurar da 'yarta, ta ce lallai kaka ta je ƙauyensu, can bakin teku gaba da Fatakwal. Na kafa kuka sai an tafi da ni. Mahaifiyata ta ƙi, don tun da kogi ya ci ɗan yayarta take tsoron ruwa. Sai da kaka ta dafa ƙirji ta ce, "Ƙafarta ba za ta taɓa ruwa ba. Na yi alkawari."

Can kuwa ko'ina kore shar, iska mai danshi, kwakwa har sai da ta gundure ni. Bayan biki muka je ganin teku, muka tarar ruwa ya ja can nesa, yashi fetal. Mu a garinmu ruwa da damina yake zuwa, da rani ya tafi. Wa ya gaya mana akwai wanda ke zuwa ya koma a yini guda? Kaka ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Ko me za a yi, kada ki sauka daga nan." Ta ta da la'asar, ta ba teku baya.

Ta idar, ta rufe ido ta shiga lazimi, kuma lazimin kaka ba ya ƙarewa da wuri. Ina kallo ruwa yana matsowa a hankali. Na tattare ƙafafuna. Sauka an hana ni, katse wa babba lazimi kuwa ba a yi a gidanmu. Wallahi na ji tsoro, amma na yi gum har ruwa ya haye tabarma, ya yi gaba da takalmin kaka.

Maƙwabciyarmu ce ta iso a guje, ta sure ni, ta fizgi hannun kaka tana cewa, "Mama, tashi! Wannan ruwa ba ya jiran mutum."

Da muka dawo gida kaka ba ta ɓoye komai ba. Ta ce wa mahaifiyata, "Yarinya ba ta je wajen ruwa ba, ruwan ne ya zo wajenta. Ki yafe mini." Mahaifiyata ta daɗe tana shafa ƙafafuna, sannan ta fashe da dariya har da hawaye.

Yanzu in mun je bakin teku, 'ya'yana a waya suke duba lokacin da teku zai cika. Ni dai sai na tambayi 'yan gari inda za mu zauna. Kuma kafin in ta da salla nakan ce wa 'ya'yan nawa, in suka ga ruwa na zuwa, su tashi su yi mini ihu, ko da goshina yana ƙasa.