Hajjo da Hannun Daman Saffana

Da sassafe, tun hazon kogi bai saki dogayen benayen Xiaobei ba, unguwar da mu 'yan kasuwa baƙi muke zaune a nan ƙasar waje, za ka ga Hajjo tana tafe a hankali, kamar mai gudun tada garin daga barci. Mutuniyar Maraɗi ce, ta daɗe tana kula da yara a wata makarantar 'ya'yan baƙi. Watan gobe za ta koma gida.

Mun san ta ne dalilin Saffana, 'yar Alhaji Babayo mai sarin jakunkuna. Ciwo ya tafi da idon yarinyar tana sakandare a makarantar da Hajjo ke aiki. Makaranta ta yarda ta riƙa zuwa da karen jagora, amma kowa ya san mu da kare. Da mun hango shi sai mu tattare riga, har da ni mai wannan surutun. Ƙawayenta ma suka ja baya. Da Alhaji ya ga kaɗaicin ya yi yawa, sai ya ce Kano zai mayar da ita, karatun ya isa haka.

Hajjo ta same shi a shago. "Alhaji, wallahi ni ma tsoronsa nake," in ji ta. "Amma ka bar mini ita zangon nan."

Hajjo, ke ce kika shimfiɗa wa karen tabarma a ƙarƙashin tebur. Ke ce mai riƙe igiyarsa a waje lokacin azahar har Saffana ta idar. Kuma ke kika lura kullum ta hagu yake tafiya, sai kika riƙa jawo 'yan matan ɗaya bayan ɗaya kina tsayar da su ta dama, inda ko gefen hijabinsu ba zai taɓa ba.

Wata rana Alhaji ya laɓe gindin bishiyar gurjiya ta bakin makaranta, jajayen furanni na zubowa a hankali. Ya ga 'yarsa ta fito, kare ta hagu, 'yan mata ta dama suna rigimar wa zai tsaya kusa da ita. Ya juyo wajen Hajjo da ke tsaye a bakin ƙofa, idonsa ya kawo ruwa.

"Hajjo, ashe har yanzu tana dariya?"

Ba a ƙara maganar Kano ba. Bana Saffana ke zana jarrabawar fita.

Mun gode, uwar 'ya'yan wasu. Allah ya kai ki Maraɗi lafiya. Mu kuma da za ki bari a nan, in mun gamu da Saffana a hanya, mu matso mu yi mata sallama. Tana gane muryar kowannenmu, ta kuma san waɗanda suka yi shiru.